Tudun Elmina

A bakin teku, kamar mil 100 yamma da Ankara, babban birnin ƙasar Gana, akwai wani tsohon garin masunta ana ce da shi Elmina. Masu garin su kan kira shi Edina. Duk baƙon da ya isa can, abu biyu za su fara tare masa ido. Na fari wata ƙatuwar kagara ce fara fat, wadda aka gina da dutse a kan wani harshen ƙasa da ya kutsa cikin ruwa. Na biyu wani ɗan tudu ne daura da ita, shi ma da ƙaramar kagara bisansa. Tsakaninsu akwai wani hannun ruwan gishiri mai suna Benya, inda masunta ke ɗaure jiragensu, an yi gada a kansa. Turawa sun sa wa tudun suna San Jago.

Tudun nan ba abin a zo a gani ba ne. Wanda ya taɓa hawan Dala ko Goron Dutse, balle Kufena, in aka ce masa wannan ma abin hawa ne, sai ya yi dariya. Yara su kan haye shi a guje, babba kuwa kafin ya gama tauna goro guda ya kai bisa. Amma ni dai ban taɓa yin gajeren hawa wanda ya bar ni da dogon tunani kamarsa ba.

Da la'asar na hau, tare da wani dattijo Bahaushe, haifaffen Zangon Kumasi, wanda ya rako ni tun daga can. Hanyar ta bi ta tsakanin gidaje, tana da ɗan tsayi a wurare, hayaƙin kyafar kifi na bin mu, yara na kallonmu. Dattijo na tafe yana dogara sanda, mu yi taki ashirin mu tsaya ya mai da numfashi. Cikin tsaye-tsayen nan ne na riƙa tuna labarin wurin, wanda ya kamata in gutsura wa mai karatu kafin mu kai bisa.

Turawan Fotugal su ne suka fara isowa wannan gaɓa cikin 1471, zinariya ta kawo su. Cikin 1482 suka gina babbar kagarar, suka kira wurin Mina, watau mahaƙa, daga nan sunan garin ya samo asali. Suka ba ta ganuwa mai kauri, suka jera igwa suna fuskantar teku, suka haƙa gwalalo ta wajen gari. Tudun kuwa ba su ɗauke shi a bakin kome ba, 'yar ƙaramar majami'a kaɗai suka gina a kansa. Cikin 1625 Turawan Holan suka kawo hari, aka karkashe su da yawa, sauran suka koma. Cikin 1637 suka sake zuwa, wannan karon da jirage daga Birazil. Ba su ɓata ƙarfinsu wajen ganuwa ba, sai suka ƙwace tudun, suka jawo igwa suka hau da ita, suka riƙa zuba wuta cikin kagara daga sama. Cikin 'yan kwanaki mutanen Fotugal suka miƙa wuya, bayan sun yi shekara 155 a ciki. Da Turawan Holan suka zauna, sai suka tuna ta inda suka shigo, suka gina kagarar dutse a kan tudun cikin shekarun 1660, ba ta da wani aiki sai tsaron kada a yi musu abin da suka yi wa wani. Suka riƙe wurin har 1872, sa'ad da suka sallama shi ga Ingila, ita kuma ta riƙe har ƙasar ta sami mulkin kanta cikin 1957.

Mai neman darasi cikin wannan labari ba zai sha wuya ba, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Gaskiya ne, ni ma da shi na fara hawa, har ina jin daɗin kaina don na gane. Amma darasi ne mai araha, kowa ya kan ɗauke shi ya jefa wa wani. Wanda tudun ya tanadar mini ya fi wannan ɗaci.

Da muka kai bisa, sai iskar teku ta buge mu, mai sanyi, ta share mana gumi. Na juya na dubi ƙasa. Ga jiragen masunta cunkus cikin Benya, kowanne da tutocinsa masu launi, ga kasuwar kifi tana ta motsi kamar gidan tururuwa, ga filayen gishiri can baya suna ƙyalli, ga teku shuɗi har inda ido ya gaza. A tsakiyar wannan duka kagara na zaune, fara kamar sabon ƙwai, rana ta haske ta. Ban san sa'ad da na ce, "Kai, gini ya yi kyau!" ba. Maganar na fita sai kunya ta kama ni, domin a safiyar ranar na shiga cikin ginin nan, na kuwa ga abin da ke ƙarƙashinsa.

Ƙarƙashinsa ɗakuna ne masu duhu, rufinsu a gantsare, iska ba ta shiga sai ta 'yan kafofi. Nan a kan tsare mutane, maza daban mata daban, su yi makonni ko watanni suna jiran jirgi. Har yau in ka shiga akwai wani wari mai nauyi da bai bar bangon ba. A ƙurya akwai wata siririyar ƙofa mai fita wajen teku, mutum ɗaya ɗaya ke bi, wanda ya bi ta kuwa ya yi sallama da ƙasarsa ke nan. A benen sama Gwamna ke zaune, ɗakunansa da tagogi manya, iska na ratsawa. Majami'ar da mutanen Holan suka yi wa kansu ma a bene ta ke, bisa sashin da a ke tsare mata. To, duk wannan na gan shi da safe, amma 'yar tazarar nan da ɗan tashin nan sun isa su wanke shi daga idona da la'asar. Daga bisa ba a jin wari, ba a jin kuka, ba a ganin fuska. Na ce a raina, ashe Gwamnan nan ba lalle ne ya zama dodo ba, ya isa kawai a ce ɗakinsa na sama.

Don in kore kunyata sai na juya ga dattijo na shiga faɗa. Na ce, "Baba, dubi mutanen nan. Suna bisa suna addu'a, bayin Allah na ƙarƙashin ƙafarsu suna mutuwa. Wace irin zuciya ke gare su?" Na yi ta zuba, ban bar musu kome ba.

Dattijo ya zauna a kan wani dutse yana saurare. Da na numfasa, ya kwance goro ya ɓara, ya miƙo mini rabi, ya ce, "Malam, ci goro." Na karɓa na yi godiya. Ya ce, "Kakan mahaifina falke ne. Daga Kano ya kan taso da ayari ya zo Gwanja sayen wannan abin da ka ke tauna. Kana tsammani da me su kan biya?"

Na ce, "Da kanwa, Baba, da tufafi, da fatu, da dabbobi."

Ya ce, "Gaskiyarka. Sai kuma me?"

Na yi shiru.

Ya ce, "Ai ka sani. Laifi tudu ne, ɗana." Bai ƙarasa ba, don ya san na san sauran: ka taka naka ka hango na wani.

Lalle na sani. Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja, nan goron kurmin Tonawa ke haɗuwa da ayarin ƙasar Hausa, kuma cikin hajar da a ke kasawa a wannan kasuwa har da mutane. Ba ina cewa waɗanda fatakenmu suka kai can su ne suka cika ɗakunan Elmina ba. Salaga ta fi bunƙasa cikin ƙarni na 19, bayan Ingila cikin 1807, da Holan cikin 1814, sun hana mutanensu fataucin bayi ta teku, don haka yawancin waɗanda aka sayar a can a gonaki da gidajen Tonawa suka ƙare. Amma ga yaron da aka fizge daga bayan uwarsa aka ɗaura masa igiya, ban ga abin da ya sauƙaƙa masa ba don tafiyarsa ta ƙare a kurmi ba a jirgi ba.

Tun ina yaro na ke jin karin maganar nan, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina don me magabata suka zaɓi tudu ba, sai ran nan da na ke tsaye a kan wani. Sun iya cewa laifi duhu ne, ko ƙaya ce, ko kaya ne. Suka ce tudu. Kai mai karatu, duba ka gani. Abin da mutum ke tsaye a kai shi ne abin da ba ya gani. Ina bisan San Jago na ga gari duka, na ga kagara, na ga teku, abu ɗaya rak ya ɓace mini, shi ne San Jago. Har wa yau, tudun da ba ka gani shi ne ya ɗaga ka har ka ke hange. Iyakar tsayinsa, iyakar nisan da idonka ke kaiwa. Shi ya sa sau da yawa za ka tarar wanda ya fi kowa saurin gano maha'inci a kasuwa, in ka bincika mudunsa sai ka yi mamaki. Ya san inda a ke dubawa, domin ya san inda a ke ɓoyewa.

Akwai kuma wani abu da ƙafafuna suka koya mini, shi ne tudu ba a faɗa masa, hawansa a ke yi. Rami ne a kan faɗa farat ɗaya, a ji zafi, a yi kururuwa. Tudu kuwa taki taki ne, kowane taki bai fi na bayansa da kome ba. Mutanen Fotugal ba don bayi suka zo ba, don zinariya suka zo. Sai suka ga masu kawo zinariyar daga cikin ƙasa suna bukatar 'yan alaro, suka shiga sayo mutane daga wajen Binin suna sayar musu. Daga baya gonakin rake suka buɗe a hayin teku, hanya ta juya, ɗakunan ajiyar haja suka zama na ajiyar mutane. A wane taki ne wani daga cikinsu zai tsaya ya ce yau na zama azzalumi? Ubansa ya yi, maƙwabcinsa na yi, doka ta yarda. Falken Kano ma haka. Ba shi ya kai hari ba, ba shi ya ƙone gari ba, saye ya yi a kasuwa ranar Allah, da shaidu, ya kuma yi sallarsa kan lokaci a kowane zango.

To, a nan wani zai tashi ya ce, "Malam, ka haɗa abin da bai haɗu ba. Mutum fiye da miliyan 12 aka ɗora a jirage daga Afirka, aka ƙetare da su, aka shafe sunayensu, aka mai da baƙar fata kanta alamar bauta har ga jikoki. Mu kuwa bawa ya kan zama ɗan gida, ya yi aure, ya yi dukiya. Ba ga Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama ba a Kano, bayin sarki waɗanda 'ya'yan sarauta ma ke shakkarsu?" Maganar nan da gaskiya a cikinta, ba kuwa zan rage ta ba. Tudu ya fi tudu, nasu ya fi tsayi, wanda ya musa wannan bai san tarihi ba. Amma ina roƙon mai wannan magana ya lura da inda ya ɗauko misalinsa. A fada ya ɗauko shi, watau a bene. Bai gangara rinji ba, inda a ke noma wa wani daga safe har azahar. Bai bi hanyar hamada ba, inda ƙasusuwan waɗanda suka gaza ke zube kusa da rijiyoyi. Bai tambayi kuyangar da aka raba da ƙauyensu tana 'yar shekara goma ba. Gwamnan Elmina ma, da za a tambaye shi, da ya nuna bawan kagara wanda ya koyi sassaƙa ko ƙira, ya ce dubi yadda mu ke riƙonsu.

Wani kuma zai ce, "Ni ban sayi kowa ba, ban sayar da kowa ba. Addini bai kama ɗa da laifin ubansa ba." Wannan ma daidai ne, ni ma da ita na ke kwana. Sai dai in na auna wa kaina da wannan mudu, tilas in auna wa jikan Baturen Holan da shi, don shi ma bai ɗaure kowa ba. In kuwa na ce a'a, shi ya gaji dukiyar da aka tara da gumin bayi, saboda haka akwai abin da ya rataya a wuyansa, to, sai in waiwaya in dubi gonar gadonmu, in tambaya wa ya sare dajinta. Ɗaya daga cikin biyun zan ɗauka, in auna wa kowa. Mai mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa, mun san sunansa a kasuwa.

Gaskiyar magana ita ce, mu a cikin labarin nan muna ko'ina. Muna cikin masu saye, muna cikin masu sayarwa, muna kuma cikin hajar. Hausawa da yawa an ƙetare da su Birazil. Waɗansu kuma da suka gudo daga iyayengijinsu a ƙasar Yarabawa suka faɗa Ikko, Turawan Ingila suka ɗauke su soja, suka kawo su wannan gaɓa, suka yi yaƙin Tonawa na 1873 zuwa 1874 da su. Wanda danginsa ke kowane ɓangare na shari'a, ba ya cikin masu saurin yanke hukunci.

Ashe ke nan sai mu kama bakinmu, tun da ya ke babu mai tsabta? Ko kusa. In aka ce sai marar laifi zai ce wa zalunci zalunci, to, an ba azzalumai duniya ke nan, domin ba za a sami mai magana ba har abada. Abin da aka yi cikin ɗakunan nan mugun abu ne, ko wa ya faɗa. Dattijo ma bai ce na yi ƙarya ba. Abin da ya ƙi shi ne daɗin da ya ji a muryata. Ya lura ina zagin Turawan nan kamar mai wanka, ina fitowa fes. Wannan daɗi shi ne abin tsoro, don in ya gama ratsa mutum sai ya sauka gida ya ci gaba da abin da ya ke yi, yana jin ya riga ya biya zakkar adalci.

Me kuwa mu ke ci gaba da yi? Dokar Turawa ta 1901 ta hana kamu da sayarwa a Nijeriya ta Arewa, ta kuma 'yanta duk ɗan da aka haifa bayan 1 ga Afrilu na shekarar, sa'an nan cikin 1936 aka soke bautar ɗungum. Shekaru sun shuɗe, amma har yanzu a kan zo neman aure, yaro mai ilmi, mai sana'a, mai salla, a tura bincike, a dawo a ce wa iyayensa a yi haƙuri, an duba asali. Kowa ya san abin da a ke nufi, ba mai faɗa da ƙarfi. A Nijar sai cikin 2003 aka sa dokar hukunta mai riƙe bawa. Cikin 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, da ta zauna a Yamai, ta sami gwamnatin ƙasar da laifin gazawa wajen kare wata mace wadda aka sayar tana 'yar shekara 12, ta sa a biya ta diyya. Wannan ba zamanin Fotugal ba ne, waɗanda aka haifa a shekarar nan ba su daɗe da balaga ba.

Ina zaton akwai dalilin da ya sa nasu ya fi namu saurin shiga ido, ban da tsayinsa. Su da dutse suka gina nasu. Yana nan tsaye, an shafe shi da farar ƙasa, cikin 1979 aka sa shi cikin jerin kayan tarihin duniya, akwai mai sayar da tikiti a ƙofa, akwai mai zagayawa da baƙi, jikokin waɗanda aka fitar ta siririyar ƙofar su kan zo daga Amurka su ajiye furanni su yi kuka. Namu kuwa da laka da kara aka yi shi. Damina ta narkar da katangar rinji, an yi rumfunan atamfa a inda a kan tsayar da mutane a duba haƙoransu, ba allo, ba alama. Abin da ya saura sai sunayen waɗansu ƙauyuka, da wata kalma da a kan raɗa a kunne ranar neman aure. Wa zai sayi tikiti ya shiga wannan?

Rana ta yi ƙasa, dattijo ya ce mu sauka kada magariba ta riske mu a bisa. Saukar ta fi masa hawan wuya, gwiwoyi suka ƙi, sai ya miƙo mini sandar ya dafa kafaɗata. Muna gangarawa kagarar na nutsewa bayan rufin gidaje, har ta ɓace, warin kifi da hayaniyar kasuwa suka dawo. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ya ba ni labarin yadda goro ya yi tsada a Kumasi, da wani jikansa da ya ƙi makaranta.

Da muka iso kan gada na tsaya na waiwaya. Daga nan ne na fara ganin tudun sosai tun da muka bar gindinsa, gidaje sun manne a jikinsa, ga 'yar hanyar da muka bi ta yi kwana, ga dutsen da dattijo ya zauna a kai ba ya ma ganuwa. Ya fi yadda na zata tsayi. Dattijo ya ja hannun rigata, ya ce, "Malam, taho mu nemi ruwa, an kusa kira."